Kuɗina Ya Ƙare a Sama, Karatun Na Ƙarasa Shi a Ƙasa

Assalamu alaikum. Wannan labarin na rubuta shi ne domin samarin da ke burin tuƙa jirgin sama, da iyayen da ke shirin sayar da gona ko fili su tura su, da kuma masu tuƙa jirgi a kwamfuta don sha'awa.

A Kano na tashi, a wata unguwa da ke ƙarƙashin hanyar da jirage ke bi in za su sauka. Mahaifina mai gyaran rediyo ne, daga baya ya ƙara da sayar da kayan lantarki. Lokacin hunturu, in hazo ya sauko har ba ka hango ƙarshen layinku, sai mu ji rugugin jirgi a bisa kanmu, ba mu gan shi ba, kuma ya je ya sauka lafiya. Da na tambayi Baba yadda direban ke ganin hanya, ƙaramar rediyo ya ɗauko, ya kamo tashar matsakaicin zango, ya ce in riƙa juya ta a hankali a kan tebur. Akwai inda murya ta cika, akwai inda ta dushe kamar an kashe. Ya kwance bayanta ya nuna min baƙin sandan nan da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, ya ce, "In bakin wannan ya saiti tashar, murya ɗaukewa take yi. Wanda ya san haka ya san inda tashar take."

A 2015 Baba ya sayar da gonar gado ya tura ni wata makarantar koyon tuƙin jirgi a Afirka ta Kudu. Matakin farko na tuƙi da ido ne: ka bi kogi, ka bi titin mota, ka gane gari daga sama. Na gama shi na karɓi ƙaramin lasisi. Mataki na gaba shi ne tuƙi da na'urori, inda ake ɗaura maka wata hula mai baki da ke hana ka ganin waje, ba ka ganin komai sai agogunan gabanka. Haka Ba'amurken nan Jimmy Doolittle ya yi a 1929, ya tashi ya sauka a rufe ba tare da ya leƙa waje ba, kuma har yau ta nan ake bi da kowane ɗalibi.

A nan kuɗi ke zuba. Ana biyan jirgi da malami ne da awa, kuma agogon na tafiya ko ka gane ko ba ka gane ba. Ga ƙarar inji, ga hasumiya, wato masu kula da zirga-zirgar jirage, na magana a kunnenka, ga jirgin yana neman karkacewa, kai kuma kana kallon wata allura kana tambayar kanka hagu take nufi ko dama. Yawancinmu haka muka riƙa biyan kuɗin sama don koyon abin da ake iya zaunar da shi a kai a kan tabarma.

A watan Yunin 2016 aka saki naira. Dalar da ke wajen naira 197 a hukumance ta haura 280 a yini guda, a kasuwar bayan fage kuwa ta doshi 500 kafin a yi nisa cikin 2017. Abin da Baba ke aikowa ya daina kai wa rabin abin da yake kai wa. Ana cikin haka ya kwanta rashin lafiya, kuma bai tashi ba. Ban samu jana'izarsa ba. Na tattaro kayana na dawo da ƙaramin lasisin da ba ya ba kowa aiki, ba gona, ba uba.

Na daɗe ba na ɗaga kai in jirgi ya wuce. 'Yan unguwa na kirana Kyaftin, wasu da ƙauna, wasu da wata manufa, ni kuwa duk ɗaya nake jin su. Abin da ya fi cin raina gonar ce, domin ƙannena ma suna da haƙƙi a cikinta, kuma ko sau ɗaya ba wanda ya yi min gori. Da sun yi, da ya fi min sauƙi. Na daina zuwa majalisa, barcin dare ya gagare ni, na rana ya yi yawa. Wata safiya Umma ta ajiye min makullin shago a gefen katifa ta ce, "Abin da Allah bai ba ka ba, ba naka ba ne. Amma shagon nan naka ne, tashi ka je ka buɗe." Na je na buɗe, don ba na iya yi mata musu, ba don zuciyata ta kwanta ba.

Ƙanena ne ya saka wa wata tsohuwar kwamfuta manhajar FlightGear ta kwaikwayon tuƙin jirgi, wadda kyauta ce, ya ce, "Yaya, zo ka ga filin jirgin Kano." Na zo don kada in kunyata shi. Ba filin ne ya riƙe ni ba, agogunan ƙaramin jirgin Cessna 172 ne: VOR biyu, ADF ɗaya, DME ɗaya, wato na'urorin gano hanya da siginar rediyo, a jere kamar yadda na bar su. A nan ba agogon kuɗi da ke tafiya, kuma ina iya tsayar da jirgin cak a sama in yi lissafi da biro. Na yanke shawarar ƙarasa karatun ni kaɗai, ko da ba wanda zai ba ni takarda. Abin da ke biye shi ne abin da na zaunar, yadda nake koyar da shi yanzu.

Kafin komai, a kashe GPS da taswirar da ke nuna ɗan jirgi yana tafiya. Muddin tana kunne, ido can zai tafi, ba abin da zai shiga kai. A rage nisan gani a saitin yanayi har ƙasa ta ɓace. A ajiye takarda, biro da agogon daƙiƙa.

Da NDB nake farawa, domin ita ce rediyon Baba. Tasha ce mai watsa sigina ko'ina ba tare da bambanta kusurwa ba, yawanci tsakanin kilohaz 190 da 535. Na'urar da ke kama ta a jirgi ita ce ADF, kuma zangonta ya kai har 1750, shi ya sa take kama gidajen rediyo na matsakaicin zango ma. Tana da eriya biyu. Ɗaya tana gano layin da tashar take, amma ba ta san gaba take ko baya ba, kamar yadda sandan rediyo ke ɗauke murya ta bakinsa biyu. Ta biyun ce ke raba gardama. Sakamakon kibiya ce guda da ke nuna tashar daga hancin jirgi.

Lissafinta ɗaya ne: inda hancin jirgi ya fuskanta a kamfas, a haɗa da abin da kibiya ta nuna, shi ne hanyar zuwa tashar. Hanci na kan 030, kibiya na kan 070, tashar tana 100. Hanci na kan 300, kibiya na kan 090, jimla 390, a cire 360, tashar tana 030. Wutsiyar kibiyar kuma tana gaya maka ta wane ɓangaren tashar kake.

Sabon ɗalibi yakan ɗora kibiya a kan hanci ya yi ta bin ta. Zai isa, amma in akwai iskar gefe ba miƙaƙƙen layi zai bi ba. Iska na tura shi, yana gyara hanci, tana ƙara tura shi, har ya yi baka ya shigo tashar ta wata kusurwa daban, wataƙila ta inda akwai tsauni. Daidai shi ne ka karkata hanci cikin iska ka bar kibiya ta zauna a gefe. Kana son bin 090, iska na busowa daga arewa, sai ka riƙe 080, kibiya ta zauna digiri 10 a dama. In ta tsaya a nan ba ta motsi, kana kan layi. Yawan karkatar kuma yana da lissafi: gudun iskar gefe sau 60, a raba da gudun jirgi. Iska mai not 20 (not ɗaya mil ɗaya ne na teku a awa), jirgi mai not 120, digiri 10 ke nan.

ADF tana da halaye da dole a sani. In akwai hadari mai walƙiya, kibiyar takan bar tashar ta nuna hadarin, don walƙiya ma sigina take fitarwa a wannan zangon. Da magariba da asuba siginar da ta dawo daga sama tana cakuɗewa da ta ƙasa, kibiya ta yi ta yawo, musamman in tashar na nesa. Tsaunuka na karkatar da ita, gaɓar teku ma haka, kuma in jirgi na cikin kwana ba a karanta ta sai fikafikai sun daidaita. Mafi haɗari, yawancinsu ba su da alamar da ke nuna sigina ta ɗauke. Kibiya za ta tsaya inda take kamar komai lafiya. Shi ya sa ake barin sautin tashar yana ƙara a kunne a hankali duk tsawon lokacin da ake dogaro da ita. Manhajojin tuƙin jirgi da yawa ba sa kwaikwayon waɗannan halaye, kibiyarsu ta fi ta gaske ladabi, don haka kada mai koyo ya ɗauka haka abin yake a sama.

Maganar sauti ta kawo mu ga ƙa'idar da ba a tsallakewa. Kowace tasha tana faɗin sunanta da haruffan Morse. Tashar VOR ta Kano KAN ce, a megahaz 112.5: K dogo gajere dogo, A gajere dogo, N dogo gajere. Ba sai ka haddace Morse ba, ana buga ɗigogin a jikin taswira. Ka murɗo mita, ka saurara, ka gwada da abin da ke rubuce, sannan ka yarda da allura. In masu gyara na aiki a tasha sukan cire sunan, ita kuwa ta ci gaba da watsa siginar da ba a tabbatar da ita ba. Tashar da ba ta faɗi sunanta ba, ba a bin ta.

VOR ita ce ta fi cin kuɗin ɗalibai, kuma a kanta na fi daɗewa. Ita ma tasha ce a ƙasa, tana aiki tsakanin megahaz 108 da 117.95. Sigina biyu take fitarwa, kowace mai bugu 30 a daƙiƙa. Ɗaya iri ɗaya ce ta kowace kusurwa, ɗayar kuma lokacin isowarta yana canzawa gwargwadon ɓangaren da kake. Ta arewa suna isowa tare, ta gabas tazararsu digiri 90, ta kudu 180. Na'urar jirgi tazarar nan take aunawa. Sai tashar ta zama kamar cibiyar ƙafar keke, layuka 360 na fita daga cikinta, kowanne ana kiransa radiyal. Radiyal kullum daga tasha yake fita, kuma da arewar kamfas ake ƙirga shi. Wanda ke kan radiyal 180 yana kudu da tashar, ko ina hancinsa ya fuskanta.

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce gaba ɗayan matsalar. VOR ba ta san inda jirginka ya fuskanta ba. Inda yake kawai ta sani. Gwajin da nake sa kowa ya yi shi ne ya tsaya mil 30 daga tasha ya yi cikakken zagaye: kibiyar ADF za ta zagaya agogonta duka, allurar VOR kuwa da ƙyar za ta motsa. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya ƙara ruɗewa.

Agogon VOR yana da abu uku: abin murɗawa mai rubutun OBS da ake zaɓar layi da shi, allura mai tafiya hagu da dama, da 'yar alama mai nuna TO ko FROM, wato layin da ka zaɓa zai kai ka tashar ne ko zai nisanta ka. In kana son sanin inda kake, murɗa har allura ta zo tsakiya alama na kan FROM. Lambar da ke sama ita ce radiyal ɗinka. Yi haka da tasha ta biyu, ja layukan biyu a taswira, inda suka haɗu nan kake. In kana son zuwa tashar, murɗa har allura ta zo tsakiya alama na kan TO, ka juya hanci zuwa wannan lambar.

Allura na faɗin gaskiya ne in lambar da ka zaɓa ta yi kusa da inda hancinka ya fuskanta. Kana kudu da tasha, kana tafiya arewa, ka zaɓi 360, alama TO: allura ta yi hagu, layin na hagunka, bi ta. Amma in ka bar 180 a sama alhali arewa kake tafiya, komai ya juye. Allura za ta yi dama alhali layin na hagu, kana bin ta tana ƙara gudu. Duk lokacin da ka ga gyara na ƙara ɓata abu, kafin ka zargi iska, dubi lambar OBS ka dubi kamfas.

Daga tsakiya zuwa ƙarshen agogo digiri 10 ne kowane gefe, a agogo mai ɗigo biyar kowane ɗigo digiri 2. Digiri ɗaya a nisan mil 60 mil ɗaya ne a ƙasa. To ɗigo ɗaya a mil 60 kaucewar mil 2 ce, a mil 30 mil ɗaya, a mil 6 kuwa bai kai rubu'in mil ba. Shi ya sa allura ke yin sanyi daga nesa ta yi zafi in an matso. Mil ɗin da ake nufi a nan na teku ne, mita 1,852. In allura ta fara zamewa, juya digiri 20 zuwa gare ta, jira ta dawo tsakiya, sannan ka mayar da rabin, ka riƙe 10. Ta sake zamewa ta wancan gefen, rage zuwa 5. Lamba ake riƙewa a kamfas, allura kuma a leƙa ta a ga ko lambar ta yi. Wanda ya zuba wa allura ido yana juya jirgi da ita, tafiyar maciji zai yi har ya isa.

Daf da tashar, allura za ta yi fisge-fisge, alama ta ɓace na ɗan lokaci, sannan TO ta koma FROM. A bisa tashar akwai wurin da sigina ba ta da tabbas, kuma yana ƙara faɗi in jirgi na sama sosai. Ba a gyara komai a nan. Riƙe lambar da ta kawo ka har alama ta juya.

Siginar VOR ba ta bin lanƙwasar ƙasa, sai abin da ke saitin juna. Kimanin nisan da za ka kama ta shi ne 1.23 sau tushen tsayinka da ƙafa, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba da tsayin: a ƙafa 10,000 bisa tashar mil 123, a ƙafa 3,000 mil 67 kacal. Tafiyar Abuja zuwa Kano darasi ce mai kyau a kan haka. Tazarar ta kusa mil 200, hanyar wajen 020. Ka tashi da tashar Abuja, ABC a 116.3, alama na kan FROM, a tsakiyar hanya ka koma KAN da alamar TO. A ƙafa 9,000 za ka kama ta Kano kafin ta Abuja ta sake ka. Gwada ta ƙasa-ƙasa, za ka sami wani yanki a tsakiya da ba ka da ko ɗaya, sai kamfas da agogo. Mitocin nan a riƙa tabbatar da su a sabuwar taswira, domin ana sauya su, kuma bayanan tsohuwar manhaja kan tsufa. Akwai kuma abin da ke ruɗa wanda ya saba da sararinmu: a arewacin Najeriya bambancin arewar taswira da arewar kamfas bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba, har mutum ya manta da shi, a wajen Johannesburg kuwa ya kusa digiri 20.

DME, na'urar auna nisa zuwa tasha, ba ta da wahala. Jirgi na aika tambaya, tasha ta jira kashi 50 cikin miliyan na daƙiƙa ta amsa, na'ura ta auna lokacin ta mayar da shi nisa. Sai dai nisan daga jirgi ne kai tsaye zuwa tasha, ba na ƙasa ba. Mil ɗaya ƙafa 6,076 ne, don haka in ka ratsa ta kan tashar a ƙafa 6,000, mil ɗaya za ta nuna, ba sifili ba. Gudun da take nunawa ma daidai ne kawai in kana tafiya zuwa tashar ko daga ita.

Zagayen jira, wato kewayen da jirgi ke yi a sama kafin a ba shi izinin wucewa ko sauka, shi ne inda duk wannan ke haɗuwa, kuma shi ne darasin da na tsaya a kansa a can. Ranar da na zo kansa a shago sai da na tashi na fita waje tukuna. Tsarinsa: ka iso tasha, kwana ta dama na digiri 180, tafiya minti ɗaya, wata kwanar, ka dawo kan layi zuwa tashar. Ana yin kwanar da digiri 3 a daƙiƙa, wato minti ɗaya cif. Karkatar fiffike da ke ba da haka ita ce gudunka a raba da 10 a ƙara 7, a not 90 digiri 16 ke nan. Tafiyar shigowa minti ɗaya ake so a ƙafa 14,000 zuwa ƙasa, minti ɗaya da rabi sama da haka. Iska ce ke ɓata shi. In ka shigo da gyaran digiri 5, fita da 15, ninki uku, domin kwanonin biyu ma iska ta ture su kuma ba a gyara su a ciki. In shigowa ta ɗauki daƙiƙa 45, ƙara tsawon fita a zagaye na gaba.

ILS, tsarin sauka da na'urori, ita ce amsar tambayar da na yi ina yaro. Sigina biyu ne: ɗaya na nuna tsakiyar titin sauka, tsakanin megahaz 108.1 da 111.95, ɗaya na nuna gangaren sauka, yawanci digiri 3. Kowace tana aiki da sauti biyu, mai bugu 90 da mai bugu 150, inda ƙarfinsu ya zo ɗaya nan ne layi. Allurar tsakiya ta fi ta VOR zafi kusan sau huɗu, ƙarshenta wajen digiri 2.5 ne, ta gangare kuwa 0.7. Gyara a nan digiri 5 ne ko ƙasa, kusa da titi digiri 2. Saurin gangarowa gudunka ne a ƙasa sau 5: not 90, ƙafa 450 a minti. Kowane mil kimanin ƙafa 300, don haka a mil 5 ya kamata ka kasance wajen ƙafa 1,500 bisa titi. Wannan lissafin ne ke tona asirin gangaren ƙarya, domin eriyar na haifar da wasu layuka masu tsananin gangare a sama da na gaskiya. Daga ƙasa ake kama gangare, ba a faɗo masa daga sama. A ILS mataki na ɗaya, ƙafa 200 bisa titi ake yanke hukunci: ka ga fitilu ka sauka, ba ka gani ba ka ba da wuta ka tashi, ba leƙe. Kuma a saita ma'aunin tsayi da matsin iskar da hasumiya ta bayar. Kuskuren hektofaskal 10 ya kusa ƙafa 300, ya fi duk tazarar da ta rage tsakaninka da ƙasa.

Wasu kan ce wannan duk tsohon yayi ne tunda ga GPS. Gaskiya ne ƙasashe da yawa na rufe tashoshin NDB. Amma a 'yan shekarun nan jirage sun sha fama da toshe siginar GPS da ba ta bayanan ƙarya a Gabas ta Tsakiya da yankin tekun Baltik, kuma Amurka da kanta ta ware wasu tashoshin VOR ta bar su don irin wannan ranar. A Najeriya hukumar kula da sararin samaniya NAMA ce ke kula da tashoshin, a Nijar da Chadi da Kamaru takwararta ASECNA, kuma har yanzu ana tambayar ɗalibi su a jarrabawa.

Akwai abin da kwamfuta ba za ta ba ka ba, kuma ba na ɓoye wa kowa. Kujerar shago ba ta motsi. A sama, cikin gajimare, kunnen ciki kan gaya maka jirgi ya karkata alhali a daidai yake, ko a daidai yake alhali yana kwana, kuma jin yana da ƙarfi har sai ka yi kokawa da hannunka. Wannan sai a jirgi tare da malami. Awannin kwamfutar gida kuma ba sa shiga littafin tuƙi. Ƙa'idar ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, awa 40 ce ta tuƙi da na'urori, kuma ɓangaren da aka yarda a yi a ƙasa sai a na'urar da hukuma ta amince da ita. Abin da gida ke yi shi ne ka shiga jirgi lissafin ya riga ya zauna, kuɗinka ya tafi a kan riƙe jirgi da magana da hasumiya.

Har yau ban sami lasisin ba. Ina shagon, na yi aure, na fara biyan ƙannena rabonsu na gona kaɗan-kaɗan, kuma sai na gama wannan zan duba ko da sauran abin komawa. Wani lokaci abin na taso min, musamman in na ji muryar wanda muka fara tare yana gaida fasinjoji. Da yamma bayan la'asar samari kan zo, mu kunna kwamfutoci biyu da batirin sola. Masu shirin neman gurbi a kwalejin jiragen sama ta Zariya ko wata ƙasa, ba na barin su taɓa ILS sai sun iya abu uku ba tare da tsayar da jirgi ba: su faɗi inda suke da tasha biyu cikin minti ɗaya, su bi layi da iskar gefe mai not 20 allura ba ta wuce ɗigo ɗaya ba, su yi zagayen jira uku a jere shigowarsu na faɗawa tsakanin daƙiƙa 55 da 65. Kayan aikin ba su wuce tsohuwar kwamfuta, sandar tuƙi ta hannu, da manhajar Little Navmap don buga taswira ba. Ita ma taswirar a takarda muke riƙe ta, sai an sauka ake buɗe layin da jirgi ya bi a gwada shi da wanda aka ja da biro.